Shikago: Fadamar da ta Zama Birni, da Gine-ginen da Birnin ya Cinye da Kansa

Duk wanda ya ga hoton birnin Shikago na Amurka a yau, dogayen benaye jere a bakin tafkin Mishigan, zai ɗauka garin ya daɗe a haka. Alhali shekara ɗari biyu da suka wuce wurin fadama ce, sai sansanin soja ɗaya da 'yan bukkoki. Ga tambayoyin da aka fi yi kan yadda garin ya tashi, da inda tsofaffin gine-ginensa suka shiga.

Mene ne ma'anar sunan, kuma wa ya fara zama a wurin?

Sunan daga bakin 'yan asalin ƙasar ya fito, daga kalmar da suke kiran wata albasar daji mai wari da ke tsirowa a bakin kogin. Faransawa masu fataucin fatu suka ji, suka rubuta yadda kunnensu ya ba su.

Baƙon farko da ya kafa gida ya zauna dindindin shi ne Jean Baptiste Point du Sable, mutum mai jinin Afirka, mai jin Faransanci, wanda ya auri 'yar ƙabilar Potawatomi, 'yan asalin yankin. Ya yi gida a bakin kogin Shikago, da injin niƙa da ɗakin gashin burodi da turakun dabbobi, yana ciniki da kowa. A 1800 ya sayar da komai ya koma Missouri, can ya rasu a 1818. An daɗe littattafan tarihi suna tsallake shi suna farawa daga Baturen da ya zauna a gidan bayansa. Sai a baya-bayan nan aka sa wa babbar gadar tsakiyar gari sunansa, a 2010, sannan babban titin bakin tafki a 2021. Gidan nasa kuwa ko tubali ɗaya bai rage ba.

Su Potawatomi ɗin fa? A yarjejeniyar 1833 aka sa suka sallama ƙasarsu, aka tura su hayin kogin Misisipi. A shekarar ce kuma aka yi wa Shikago rajistar gari.

Me ya sa aka kafa birni a cikin taɓo?

Saboda hanya. A wancan zamanin kogin Shikago yana zuba a tafkin Mishigan, daga nan ruwa ya bi manyan tafkuna ya nufi gabas. 'Yan mil kaɗan yamma da shi akwai kogin Des Plaines, wanda ruwansa ke gangarawa Misisipi har tekun kudu. Tsakanin su biyun ɗan tudu ne da fadama, inda matafiya kan sauke kaya su ɗauki kwalekwalensu a ka su tsallaka. Tun 1673 wasu Faransawa biyu, Marquette da Jolliet, suka bi ta wurin, Jolliet ya lura cewa in aka haƙa hanyar ruwa a nan an haɗa gabas da kudu.

Ba a gama haƙa ta ba sai 1848, tsawon mil 96. Wannan shekara ita ce shekarar Shikago: a cikinta jirgin ƙasa na farko ya tashi daga garin, wayar tangaraho ta iso, 'yan kasuwar hatsi suka kafa majalisarsu. Daga nan alkama da masarar gonakin yamma sai ta Shikago, katakon dazuzzukan arewa sai ta Shikago. A ranar Kirsimetin 1865 aka buɗe babbar karar dabbobi ta kudancin gari, mayanka suka kewaye ta, shanu da aladu na shigowa a tarago suna fita a matsayin nama. Garin dillalai ne tun asali, kuma wanda ya riƙe wannan a ransa zai fahimci duk abin da ya biyo baya.

Wane irin sauri ake nufi in an ce garin ya girma da sauri?

A 1833 mazauna 'yan ɗaruruwa ne. A 1837, da aka ba shi matsayin birni, sun ɗan haura dubu huɗu. Ƙidayar 1850 ta ba da kusan dubu 30, daidai da adadin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ƙiyasta wa birnin Kano da ya shigo a 1851. Kano a lokacin ta yi ƙarnuka da ganuwarta. Shikago kuwa a 1870 ta kai kusan dubu 300, a 1890 ta haura miliyan ɗaya, a 1900 ta kusa miliyan 1.7. Wato yaron da aka haifa a ƙauye ya tsufa a birni na biyu mafi girma a Amurka ba tare da ya ƙaura ba.

Da gaske ne an taɓa ɗaga garin da jak?

Da gaske ne, kuma a ganina wannan ya fi labarin babbar gobarar 1871 ban mamaki.

Garin kusan daidai yake da fuskar tafkin, don haka ruwa ba ya da inda zai gangara. In aka yi ruwan sama tituna su zama kunu, amalanke ya kafe har gindi, ƙazantar gidaje ta kwanta a ƙofar gida. Kwalara ta riƙa zuwa tana komawa, ta 1854 ta yi mummunar ɓarna. Hukuma ta ɗauko injiniya Ellis Chesbrough ya tsara magudanar ƙazanta. Matsalar ita ce in aka binne bututu a ƙasa ba zai sami gangara ba. Sai aka shimfiɗa bututun a saman tsohon titi, aka zuba ƙasa aka rufe, aka yi sabon titi a kai. Titi ya tashi ƙafa huɗu, wani wurin har fiye da haka sosai.

To, mai kanti ya wayi gari ƙofarsa ta koma rami. Ko dai ya mai da hawan ƙasa ɗakin ajiya ya fasa sabuwar ƙofa a sama, ko ya ɗaga ginin baki ɗaya. Masu kuɗi suka zaɓi ɗagawa.

Ga yadda ake yi. A haƙa ƙarƙashin gini, a zura manyan gumagumai, a jera jak irin mai murɗawa a ƙarƙashinsu. Kowane lebura a ba shi nasa adadin. Shugaban aiki ya busa usur, kowa ya ɗan murɗa nasa, a tsaya, a sake busawa. Gini na tashi kaɗan-kaɗan, magina na biye suna cike gurbin da bulo. A 1860 aka ɗaga jerin kantuna da ofisoshi na bulo da dutse a titin Lake, tsawon ƙafa 320, da jak dubu shida da mutum ɗari shida, kowa da goma ke nan. Cikin kwana biyar ginin ya tashi ƙafa huɗu da inci takwas, kuma ba a rufe kanti ko ɗaya ba, masu saye na shiga suna fita. A shekara ta gaba aka ɗaga otal ɗin Tremont mai hawa shida da baƙinsa a ciki. Cikin 'yan kwangilar akwai wani matashi, George Pullman, wanda daga baya ya yi suna da taragon kwana na jirgin ƙasa.

Gidajen katako da ba su kai a kashe musu wannan kuɗi ba, sai a ɗora su a kan gumagumai masu mirginawa, dawaki su ja su zuwa bayan gari, wani lokaci da mutanen gidan a ciki.

Da me aka gina garin na farko?

Da katako, kusan komai. A Shikago aka yayata wata dabara ta haɗa siraran katako da ƙusar masana'anta, maimakon sassaƙa manyan itatuwa a haɗa su da ƙwarewa. Mutum biyu da guduma sai su tayar da gida cikin kwanaki. Hanyar ƙafa katako, gadoji katako, wasu titunan ma da guntayen katako aka shimfiɗa su. Har benayen da ake cewa na dutse ne, da yawansu fuska ce kawai, ciki da rufi itace da kwalta.

Saniya ce ta tayar da gobarar 1871?

Wutar ta tashi daren Lahadi, 8 ga Oktoba, a garken gidan Patrick da Catherine O'Leary a titin DeKoven. Wannan ba gardama. Amma zancen cewa matar tana tatsar nono saniya ta shuri fitila, wani ɗan jarida mai suna Michael Ahern ya amsa a 1893 cewa ƙirƙira aka yi. Matar baƙuwa ce daga Ailan, talaka, 'yar Katolika, mai tallan madara, irin wadda ake ɗora wa laifi ba mai tsaya mata. Ta ƙare rayuwarta tana ɓuya daga 'yan jarida har ta rasu a 1895. Majalisar birnin ta wanke ta a 1997, ihu bayan hari.

An bar jaki ne ana dukan taiki. An yi watanni ruwa bai sauka na kirki ba, iska mai ƙarfi na kaɗowa daga kudu maso yamma, 'yan kwana-kwana ba su kai ɗari biyu ba kuma sun kwana suna fama da wata gobarar a daren Asabar, sannan mai gadin hasumiya ya tura su wurin da ba nan ba ne. Wuta ta tsallake kogi sau biyu. Da ta kama rufin gidan ruwa, famfuna suka tsaya, magana ta ƙare. Sai da yayyafi ya sauko daren Litinin ta fara lafawa. Kimanin mutum 300 suka mutu, gine-gine kusan 17,500 suka ƙone, mutum wajen dubu 100 suka rasa matsuguni, kashi ɗaya cikin uku na garin ke nan.

Gidan su O'Leary kansa bai ƙone ba, iska ta kai wutar gaba. A filin yanzu makarantar horar da 'yan kwana-kwana ce.

Me wutar ta ci, me ta bari?

Ta ci kotun birni, wadda ƙararrawarta ta yi ta kaɗawa har ta rufto. Ta ci otal ɗin Palmer kwana 13 da buɗe shi. Ta ci Tremont da aka sha wahalar ɗagawa, da sauran jerin titin Lake. A ɗakin adana tarihi na garin ta ci takardar da Shugaba Lincoln ya rubuta da hannunsa ta shelar 'yanta bayi. Ta bar hasumiyar ruwa ta farin dutse da aka gina a 1869, wadda har yau take tsaye a titin Mishigan kamar wada a tsakiyar ƙattai. Ɓaraguzan kuma tafki aka tura su, suka zama ƙasa, wani ɓangaren babban lambun bakin ruwa a kansu yake.

Abin da wutar ba ta taɓa ba shi ne abin da ya kafa garin: layin dogo, karar dabbobi, yawancin ma'ajiyar katako, da matsayinsa a taswira. Shi ya sa kuɗi suka kwararo daga gabas tun toka ba ta huce ba.

Ashe ke nan gobara ce ta shafe tsofaffin gine-ginen Shikago?

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da wuta ta ci, in an faɗi gaskiya, yawancinsa kwaikwayon Turai ne da aka yi a gurguje. Gine-ginen da masana ke kuka a kansu duk bayan gobara aka gina su, kuma mutane ne suka rushe su, da takardar izini a hannu da lissafin riba a aljihu.

Wanne ne dogon bene na farko, yana ina yanzu?

Wanda aka fi ba wannan kambu shi ne ginin kamfanin inshora na Home, wanda William Le Baron Jenney ya zana, aka kammala a 1885, hawa goma, daga baya aka ƙara biyu. Kafin shi bango ne ke ɗaukar nauyin gini, don haka in bene zai yi tsawo dole bangon ƙasa ya yi kauri. Je ka dubi ginin Monadnock na 1891, wanda yake nan har yau: hawa 16, kaurin bangonsa a ƙasa ƙafa shida, kuma nauyi ya sa ya nutse cikin yumɓu fiye da ƙafa ɗaya da rabi. Jenney kuwa ƙashin ƙarfe ya tayar, ya bar masa yawancin nauyin, bango ya fara zama kamar riga. Haɗa wannan da lif, da tsadar fuloti a tsakiyar garin da kogi da tafki da layin dogo suka matse, sai gini ya nufi sama.

Masana na jayayya kan ko ya cancanci a kira shi na farko, tun da bangonsa na ɗauke da wani nauyin. Damar da aka samu ta duba cikinsa da kyau ita ce a 1931, lokacin da ake rushe shi don a gina wanda ya fi shi tsawo. Shekara 46 ya yi a duniya.

Me zai sa a rushe gini lafiyayye?

Fuloti ya fi ginin daraja, shi ke nan. Amma dalilin yakan canza riga.

Da farko rusau na neman tsawo ne. Ginin Montauk na 1882, aikin Daniel Burnham da John Root, shekara ashirin kacal ya yi aka kawar da shi. Da tattalin arziki ya karye a 1929, sai rusau ya zama na gudun haraji: bene ba 'yan haya, haraji na tafiya, gara a kwantar da shi a yi wurin ajiye motoci. Haka aka yi wa katafaren shagon sari na Marshall Field, ginin jan dutse na Henry Hobson Richardson da ya cinye layi guda, wanda masu zanen gini na zamaninsa suka ɗauka a matsayin makaranta. An gama shi 1887, aka rushe 1930, motoci suka kwana a filin. Masonic Temple na 1892, mai tsawon ƙafa 302, wanda baƙi ke hawa kansa su kalli gari, ya faɗi a 1939. Lif ɗinsa ya gaza, ga aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai tilasta gyaran harsashinsa da kuɗi mai yawa. A gurbinsa aka yi ɗan gini mai hawa biyu, irin wanda hayarsa ke biyan harajin fili kawai.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai mota ta karɓi ragama. Manyan tituna suka ratsa unguwanni, jirgin ƙasa ya rasa fasinja, tashoshi suka bi: Grand Central mai hasumiyar agogo a 1971, Central a 1974, ta kamfanin North Western a 1984. Fadar attajiri Potter Palmer ta bakin tafki ta tafi a 1950. Ginin tarayya mai ƙubba ya tafi a 1965.

Ba wanda ya ɗaga murya?

An samu, kuma ɗaya ya biya da ransa. Richard Nickel mai ɗaukar hoto ne da ya kamu da son aikin Louis Sullivan, mai zanen da ke ƙawata bango da ado na ganye da reshe da ke murɗewa cikin juna, wanda ya mutu a 1924 cikin talauci a ɗakin otal. Nickel ya riƙa bin gine-ginen Sullivan yana ɗaukar hotonsu kafin katafila ta iso, in ta iso kuma ya shiga da guduma da kurfi ya ɓamɓaro abin da zai iya ɗauka. A 1960 ya ɗauki kwali ya tsaya a ƙofar gidan wasan Garrick. Bai hana ba, an rushe a 1961 aka yi garejin motoci mai hawa-hawa.

An yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1968, amma ba ta ceci ginin kasuwar hannayen jari na 1894 ba, aikin Sullivan da abokinsa Dankmar Adler. Ranar 13 ga Afrilu, 1972, Nickel ya shiga ginin ana tsakiyar rushe shi, wani sashe ya rufto masa. Sai bayan kusan mako huɗu aka gano gawarsa. Yana da shekara 43. An binne shi a maƙabartar Graceland, ba nisa da kabarin Sullivan.

Babbar ƙofar ginin, mai lanƙwasa irin wadda maginanmu ke kira bakan gizo, an sake tayar da ita a harabar gidan adana zane-zane na birnin. Tana nan tsaye ita kaɗai, ba bango a dama ba bango a hagu, kowa ya shiga ta cikinta fili zai fito.

Mene ne Farin Birni da ake yawan ambato?

Baje kolin duniya ne na 1893, na cika shekara 400 da zuwan Kolumbus nahiyar Amurka. Burnham ya jagoranci gina fadoji farare a lambun Jackson, da tafkuna da fitilun lantarki, masu shiga suka kai wajen miliyan 27 cikin wata shida. A nan aka fara ganin ƙaton lilon nan mai juyawa na George Ferris, tsawon ƙafa 264. Shi wannan birni dama ba don ya daɗe aka yi shi ba, filasta ce da zaren buhu a kan ƙarfe da katako, aka fesa farin fenti. Gobarar 1894 ta cinye yawancinsa. Fadar zane-zane kaɗai aka yi wa bangon bulo saboda kayan da ke ciki, ita ce yanzu gidan tarihin kimiyya da masana'antu.

Akwai abin da ya shafe mu a ciki. An kawo mutanen Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, aka kafa musu ƙauye a filin nishaɗi ana biyan kuɗi ana kallonsu, a daidai lokacin da Faransa ke cin ƙasarsu da yaƙi. Frederick Douglass da Ida B. Wells, jagororin baƙaƙen fatar Amurka, sun yi tir da yadda aka mayar da baƙar fata abin kallo aka hana shi kujera a shirya bikin. A watan Satumban shekarar kuma aka yi taron addinan duniya a garin, inda wani Ba'amurke da ya musulunta, Alexander Russell Webb, ya yi bayani kan Musulunci.

Duk maganar fadoji da ofisoshi ce. Gidajen talakawa fa?

Su ne suka fi tafiya, kuma su ne ba a ɗauki hotonsu ba. Tsakanin 1910 da 1930 baƙaƙen fata a Shikago sun tashi daga kimanin dubu 44 zuwa dubu 234, masu gudo daga wariyar jihohin kudu. Tashar Central da aka rushe a 1974 nan yawancinsu suka fara sauke jaka.

Akwai wani gidan haya a kudancin gari mai suna Mecca. Amurkawa kan ara sunan Makka su laƙaba wa duk wurin da jama'a ke tururuwa. An gina shi gab da baje kolin 1893, da tsakar gida biyu masu rufin gilas, baranda mai adon ƙarfe na zagaye kowane hawa, kowa ya buɗe ƙofa yana ganin maƙwabcinsa. Da farko Turawa zalla ake ba haya, daga baya ya zama zuciyar unguwar baƙaƙe. Kwalejin fasaha da ke maƙwabtaka ta mallake shi tana son filin, 'yan haya suka yi shekara goma suna turjiya, a 1952 aka rushe. A gurbinsa mai zanen gini Mies van der Rohe ya gina zauren gilas da ƙarfe, wanda shi ma yanzu gini ne na tarihi da doka ke karewa, kuma a cikinsa ake koyar da zanen gini.

Karar dabbobi an rufe ta 1971. Ƙofarta ta dutse kaɗai ta rage, da kan sa a sassaƙe a samanta.

Wanda ya je yau, me zai tarar na da?

Hasumiyar ruwa, Monadnock, ginin Rookery na 1888, ginin Auditorium na Adler da Sullivan, da gidan Glessner a titin Prairie, wanda wasu masu zanen gini suka yi karo-karo suka saya a 1966 don kada a rushe. Kusa da shi akwai gidan Clarke na 1836, gidan katako mai ginshiƙai da ya girmi gobara da layin dogo. Ya tsira ne saboda wutar ba ta kai inda yake ba, bayanta kuma aka ja shi can kudu. A 1977 hukuma ta saye shi za ta dawo da shi kusa da mazauninsa na asali, sai ga gadar jirgin ƙasa ta tare hanya. Aka koma wa dabarar kakanni: aka ɗaga gidan da jak har ya haura gadar, aka tsallakar da shi da tsakar dare. Sai sanyin Disamba ya daskarar da injinan saukewa, gidan ya yi kusan mako biyu a sama, jirage na wucewa ta gefensa fasinjoji na leƙen tagoginsa.